Iskar Naitirik Oksaid da Toshewar Hanci

Naitirik oksaid wata iska ce marar launi da jikin ɗan Adam ke sarrafawa da kansa daga sinadarin ajinin. A shekarar 1998 aka bai wa Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano cewa wannan iska ce ke umartar jijiyoyin jini su saki su buɗe.

A 1995 Jon Lundberg da abokan aikinsa na Cibiyar Karolinska da ke ƙasar Suwidin suka nuna cewa ramukan da ke cikin ƙasusuwan fuska, kewaye da hanci, suna fitar da ita da yawa. A can tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tana kuma ƙara wa ƙananan gasun da ke share majina kuzari.

Sai dai abin da ke kare hancin shi ne kan toshe shi. Idan mai alaji ya shaƙi ƙura ko garin furanni, kamar yadda kan faru a lokacin hunturu, jikinsa kan saki sinadarin histamin, fatar cikin hanci kuma ta ƙara yawan naitirik oksaid. Jijiyoyin wurin sai su buɗe su cika da jini, naman ya kumbura, hanyar numfashi ta ƙuntata. Saboda haka fyace majina ba ya kawo sauƙi sosai, domin kumburi ne tushen matsalar.

Likitoci kan auna iskar don gane cuta. Takan ƙaru a hancin mai alaji, amma idan tsiro ko kumburi ya rufe ƙofofin ramukan nan, ma'aunin kan yi ƙasa duk da ciwon ya tsananta. Haka kuma ana auna ta a numfashin masu asma don sanin girman kumburin hanyoyin huhu.

Wannan ilimi yana da amfani wajen magani. Maganin fesawa da ke buɗe hanci nan take yana matse jijiyoyin ne kawai, kuma idan aka zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi, toshewar kan dawo fiye da da. Wanda ke rage kumburin alaji yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi aiki, amma shi ke magance tushen. Wanda toshewar hancinsa ta daɗe ya kamata ya ga likita.