Kwarin Swat: Tarihin Wuri a Bakin Mazaunansa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yadda harsuna suka jeru a kwarin Swat, da ke arewa maso yammacin Pakistan, shaida ce ta tarihin wurin.

2.0 Kogi da Mazauna

Kogin Swat yana samun ruwansa ne daga ƙanƙarar duwatsun Hindu Kush. A garin Kalam, mai tudun kusan mita 2,000, rafukan Ushu da Utror suke haɗuwa su zama kogi guda. Daga nan sai ya kurɗa ta matsatsin duwatsu, kafin kwarin ya buɗe a kusa da Mingora, inda ƙasar noma take.

Wannan ƙasar noma ita ce ta yi ta jawo baƙi. Rundunar Iskandari na Makidoniya ta ratsa ta a shekara ta 327 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya addinin Buddha ya kafu, har matafiyin nan na Sin, Xuanzang, da ya iso wajen shekara ta 630, ya ambaci gidajen ibada 1,400, ko da yake ya tarar da akasarinsu kufai.

Sauyin da ya fi shafar mai nazarin harshe ya auku ne a ƙarni na 16, lokacin da ƙabilar Yusufzai, masu jin Pashto, suka mamaye gangaren kwarin. A ra'ayin masana da dama, wannan ne ya sa tsofaffin harsunan wurin suka maƙale a kan tudu: Torwali a yankin Bahrain, Gawri kuwa a Kalam. Wato ke nan, duk hawan da matafiyi ya yi, tsohon harshe yake tunkara.

3.0 Baƙin Zamani

Masarautar Swat, wadda Sarauniyar Ingila ta ziyarta a 1961, an rushe ta a 1969. Yawon buɗe ido ya durƙushe a zamanin Taliban, daga 2007 zuwa 2009, sannan ya farfaɗo, duk da ambaliyar 2022 da ta share otal-otal a Kalam.

Sai dai a ganinmu, alherin nan da ƙura a bayansa. Baƙo da Urdu yake zuwa, ɗan kasuwa da Pashto, kuma hanyar da ta kai su tudu ta rage kariyar da duwatsu suka daɗe suna ba ƙananan harsunan. Torwali kuwa sai a farkon ƙarnin nan aka fara koyar da yara karatu da shi a Bahrain.