Babe Ruth da ƴan wasan yau: da wane mudu za a auna?

Yadda muke musu a fada kan Pele da Messi har shayi ya huce, haka Amirkawa suke yi kan besbol. Wasa ne na mai jifa da mai bugu: wannan ya jefo ƙwallo, wancan ya tarbe ta da sanda. In ya doke ta har ta ƙetare shingen fili, to ya yi bugun da ya fi kowane daraja. Kuma duk inda aka soma musun, sunan Babe Ruth ne ke fara fitowa.

Dalili gare su. A 1920, shekararsa ta farko a ƙungiyar Yankees ta New York, Ruth ya ƙetare shinge sau 54. Shi kaɗai ya fi kowace ƙungiya ta rukuninsu, in ka cire tasa. A 1927 ya yi 60, ya bar wasa a 1935 da 714. Kafin duk wannan ma gwanin jifa ne a Boston.

Masu goyon bayan ƴan yau sai su ce a dubi jifa. A 2010 Aroldis Chapman, ɗan Kuba, ya jefa ƙwallo mai gudun kusan kilomita 170 a awa. Dā mutum guda kan yi jifa daga farko har ƙarshe. Cy Young ya kammala wasa 749 shi kaɗai. Yanzu kam, mai jifa na yin zagaye biyar ko shida cikin tara, a sauya shi da mai sabon hannu, a sake sauyawa. Mai bugu ba ya samun gajiyayye. Ga Shohei Ohtani na Japan, yana jifa yana bugu kamar Ruth, kuma a 2024 ya ƙetare shinge sau 54.

Ni dai a ganina, in aka ɗauko Ruth daga 1927 aka tsaida shi gaban waɗannan, zai sha wuya. Amma tambayar ba ta da adalci. Mutumin da ya yi zamanin jirgin ƙasa, ba bidiyo, ba likitan wasanni, ba ka auna shi da ɗan yau. Abin da ya kamata a duba shi ne tazarar da ya ba tsaransa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Su wa ke tsaran nasa? Turawa zalla. Har ranar 15 ga Afrilu 1947, da Jackie Robinson ya shiga fili wa Dodgers ta Brooklyn, an hana baƙar fata babbar gasa shekaru kusan sittin. Ke nan a wasannin gasa Ruth bai taɓa tsayawa gaban Satchel Paige ba, wanda sai yana shekara 42 aka buɗe masa ƙofa, a 1948. Da aka buɗe kuwa an gani: Hank Aaron ya wuce 714 a 1974, ana aiko masa wasiƙun barazanar kisa, ya tsaya a 755. Barry Bonds ya kai 762, sai dai zargin shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi ya ɓata lissafinsa. Ashe ƴan yau ma da nasu tabon.

Wanda ya fi ba ni tausayi Josh Gibson ne. A gasar baƙaƙe ya yi rayuwarsa, ya rasu a Janairun 1947 yana shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga. Sai a 2024 hukumar wasan ta haɗa alƙaluman gasar baƙaƙe da nata, nan take Gibson ya hau kan Ty Cobb: cikin kowane gwaji 1000 ya yi bugu mai kyau 372, Cobb 367. Wasu suka yi tsaki, wai kakar baƙaƙe gajera ce, wasanninta kaɗan. Gaskiya ne. Amma wa ya gajarta ta? Yawancin wasanninsu na yawon gari-gari ne don neman abinci, ba mai rubutawa. Allon tunawa da shi ya ce ya ƙetare shinge kusan sau 800. Waɗanda hukumar wasan ta saka a lissafinta ba su kai 200 ba.