James Bond a Mararraba: Tarihin Jayayyar 'Yan Kallo a Kan Makomar Ɗan Leƙen Asirin Ingila

Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 aka ba da sanarwar cewa iyalin Broccoli, waɗanda suka riƙe ragamar finafinan James Bond tun farkonsu a 1962, sun miƙa ikon tsara waɗannan finafinai ga kamfanin Amazon. Jim kaɗan bayan sanarwar sai Jeff Bezos, mutumin da ya kafa kamfanin, ya jefa wa jama'a tambaya ta intanet, wai wa suke so ya zama Bond na gaba. Wannan tambaya ta sake rura wutar wata tsohuwar jayayya tsakanin masu sha'awar waɗannan finafinai, jayayyar da ta ta'allaƙa a kan abubuwa uku: zamanin da za a ajiye labarin a cikinsa, da halin da za a ba jarumin, da kuma mutumin da zai fito a matsayinsa.

Manufar wannan lacca ita ce a auna waɗannan ra'ayoyi da ma'aunin tarihi. Za a ga cewa kusan duk abin da 'yan kallo suke nema yanzu an taɓa nemansa, an kuma taɓa gwada shi, kuma sau da yawa abin da suka ƙi a ranar fitowarsa shi ne suka dawo suna yabo daga baya.

Asalin Bond

Ian Fleming, wanda ya ƙago James Bond, an haife shi a 1908, ya kuma yi aiki a sashen leƙen asiri na rundunar sojojin ruwan Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin 1952 ya zauna a gidansa da ke tsibirin Jamaika ya rubuta littafinsa na farko, watau Casino Royale, aka buga shi a 1953. Sunan jarumin ma aro shi ya yi daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye. Kafin rasuwarsa a 1964 ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai 12 a kan Bond, ban da gajerun labarai da aka tattara cikin littattafai biyu.

Ba za a fahimci karɓuwar da waɗannan littattafai suka samu ba sai an dubi halin da Ingila take ciki a wancan lokaci. Ta ci yaƙi amma ta fito da bashi, har ba ta daina rabon abinci da kati ba sai 1954. A 1951 wasu jami'anta biyu, Burgess da Maclean, suka tsere zuwa Rasha, aka gane ashe tun da daɗewa suke yi wa Rashawa aiki. A 1956 kuma ta sha kunya a rikicin mashigin Suwez, inda Amurka ta tilasta mata janye sojojinta daga Masar. Sa'an nan ƙasashen da take mulka suka shiga karɓar 'yancin kansu ɗaya bayan ɗaya. To, cikin wannan hali ne Fleming ya miƙa wa Ingilishi wani jarumi nasu wanda yake cin mai kyau, yake yawo ƙasa ƙasa, kuma shi ne yake ceto duniya, Amurkawa suna taya shi daga gefe. Ke nan tun asali Bond magani ne na wata damuwa ta zamaninsa, kuma wannan batu zai sake tasowa nan gaba.

Daga Littafi Zuwa Majigi

A 1961 Albert Broccoli da Harry Saltzman suka kafa kamfanin Eon domin mayar da littattafan finafinai. Na farkonsu, Dr. No, ya fito a watan Oktoba na 1962, wata biyu bayan Jamaika, inda labarin ya gudana, ta sami 'yancin kai. Kuɗin da aka kashe a kansa kimanin dala miliyan ɗaya ne kacal. Abin lura a nan shi ne, cikin waɗanda suka nuna shakka game da zaɓen ɗan wasan da zai fito a matsayin Bond har da Fleming kansa. A ganinsa Sean Connery, mutumin Sikotland ɗan talakawa, ba shi da irin gogewar da jarumin nasa yake da ita. Amma da ya ga yadda fim ɗin ya karɓu sai ya sauya ra'ayi, har a ɗaya daga cikin littattafansa na ƙarshe ya danganta asalin mahaifin Bond da Sikotland. Watau mai abu da kansa ya yi kuskuren da 'yan kallo suka yi ta maimaitawa a bayansa.

A 1965 wani masani ɗan Italiya, Umberto Eco, ya nazarci littattafan Fleming, ya nuna cewa zubinsu ɗaya ne: shugaba ya aiki Bond, Bond ya gamu da mugu, ya haɗu da mace, mugu ya kama shi ya azabtar da shi, a ƙarshe ya kuɓuta ya yi nasara. Daɗin da mai karatu yake ji yana zuwa ne daga sanin abin da zai faru tare da ɗokin ganin yadda zai faru a wannan karo. Duk wanda ya saba da tatsuniyoyin Gizo ya san irin wannan daɗi. A nan ne tushen wahalar masu shirya finafinan yake: in sun bi zubin sau da ƙafa a ce sun gajiyar da mutane, in sun kauce masa a ce sun ɓata abin da aka gada.

Kai-kawo Tsakanin Ƙawa da Gaskiya

Idan aka bi finafinai 25 da kamfanin Eon ya fitar daga 1962 zuwa 2021, za a tarar da wani kai-kawo da yake ta maimaita kansa. Duk lokacin da ƙawa da na'urori suka yi yawa har labarin ya fita daga hankali, sai fim na gaba ya koma ga Bond na cikin littattafai, mutum mai jin ciwo da baƙin ciki.

Karo na farko shi ne bayan You Only Live Twice na 1967, inda aka nuna mugu ya gina sansani cikin dutse mai aman wuta. Fim na gaba, On Her Majesty's Secret Service na 1969, ya bi littafin Fleming kusan sau da ƙafa: Bond ya yi aure, aka kashe amaryar ran bikin. George Lazenby, mutumin Ostireliya, shi ya fito a ciki, kuma da yawa ba su karɓe shi ba, domin idonsu ya saba da Connery. Daga baya wannan fim ya shiga sahun waɗanda masu nazari suka fi yabawa.

Zamanin Roger Moore, daga 1973 zuwa 1985, zamani ne na raha da bin yayi. Da fim ɗin Star Wars ya yi kasuwa a 1977, sai aka tura Bond sararin samaniya cikin Moonraker a 1979. Ya kawo kuɗi ƙwarai, amma duk da haka a 1981 aka sauko da jarumin ƙasa cikin For Your Eyes Only. Timothy Dalton, wanda ya gaji Moore, ya yi ƙoƙarin nuna Bond mai tsanani da ɗacin rai cikin finafinai biyu, na 1987 da na 1989. Na biyun bai yi kasuwa sosai a Amurka ba, aka ce ya cika zafi, babu raha.

Daga nan aka yi shekara shida ba sabon fim saboda shari'ar da ta shiga tsakanin kamfanoni. Cikin wannan tazara Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, mutane da yawa suka ɗauka Bond ya mutu tare da yaƙin cacar baki. Amma GoldenEye na 1995, tare da Pierce Brosnan, ya mayar da wannan shakka ta zama jigon labarin, aka kuma sa mace, Judi Dench, ta fito a matsayin shugabar Bond, shekara uku bayan an naɗa Stella Rimington shugabar hukumar tsaro ta MI5. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Karo na uku ya zo bayan Die Another Day na 2002, wanda a cikinsa aka ba Bond motar da ido ba ya ganinta. Da aka sanar da Daniel Craig a watan Oktoba na 2005, wasu masu sha'awa suka yi caa, suna cewa gashinsa ruwan zinariya ne, ba shi da tsawo, har suka yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin. Casino Royale ya fito a 2006 ya rufe bakin masu suka, Skyfall na 2012 kuma ya tara fiye da dala biliyan ɗaya. Irin tsananin da aka ƙi daga hannun Dalton shi ne aka tafa wa Craig a kansa bayan shekara 17.

Ra'ayoyin da Ake Jayayya a Kansu

No Time to Die na 2021 ya ƙare da abin da ba a taɓa yi ba, watau mutuwar Bond. Wannan ya sa tilas a faro labarin daga tushe, kuma daga nan ra'ayoyi suka rarrabu.

Rukuni na farko suna so a mayar da labarin shekarun 1950 ko 1960. Hujjarsu tana da ƙarfi: a zamanin wayar hannu da na'urorin sa ido, aikin leƙen asiri ya koma gaban kwamfuta, kuma halin Bond game da mata da giya ya fi dacewa da zamanin da aka ƙago shi. An ma gwada wannan hanya a littattafai. Alal misali, William Boyd, wanda aka haifa a Akara ya kuma yi ƙuruciyarsa a Gana da Nijeriya, ya fitar da Solo a 2013, inda ya tura Bond wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka ta Yamma cikin 1969, a tsakiyar yaƙin basasa mai kama da na Nijeriya. Sai dai tarihi bai goyi bayan wannan rukuni a majigi ba. Duk cikin finafinai 25 babu wanda aka ajiye labarinsa a zamanin da ya shuɗe, kuma Fleming ma game da kwanakinsa yake rubutu. Bugu da ƙari, kamfanonin motoci da agoguna da suke tallata kayansu cikin finafinan, hajar bana suke so a gani. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai alamar abin da wannan rukuni suke bege shi ne Ingilar da Bond ya zo ya lallasa, fiye da Bond ɗin kansa.

Rukuni na biyu sun gaji da baƙin cikin zamanin Craig. Suna so a dawo da raha da na'urori, kowane fim kuma ya tsaya da ƙafarsa, ba sai an san abin da ya faru a na baya ba. Bisa ga kai-kawon da aka bayyana a sama, waɗannan su ne tarihi ya fi karkata gare su, domin bayan shekara 15 na tsanani, juyi ya zo kan sassauci.

Rukuni na uku batun mutum ya dame su. An daɗe ana ambaton Idris Elba, baƙar fata haifaffen Landan, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, mahaifiyarsa 'yar Gana, wasu na maraba, wasu na cewa Bond na Fleming farar fata ne. Barbara Broccoli, a lokacin da take riƙe da ragama, ta bayyana cewa Bond namiji ne, amma launin fatarsa ba sharaɗi ba ne. A nan ya kamata a tuna cewa cikin 'yan wasa shida da suka riƙe wannan matsayi akwai mutumin Sikotland, da na Ostireliya, da na Ailan, da haifaffen Wales. Gardama a kan kamannin Bond, a haƙiƙa, gardama ce a kan wane ne ya cancanci ya wakilci Birtaniya a idon duniya, kuma amsar wannan tambaya ta sha sauyawa tun 1953.

Wa Zai Yanke Hukunci?

Akwai abu guda da ya bambanta wannan karo da na baya. Daga 1962 zuwa 2025 hukunci yana hannun gida ɗaya. Saltzman ya sayar da kasonsa a 1975, Albert Broccoli kuma ya rasu a 1996 bayan ya miƙa aikin ga 'yarsa Barbara da agolansa Michael Wilson. Wannan gida ya iya jure surutun 'yan kallo, kamar yadda ya yi a 2005, ya kuma iya haƙurin jiran shekaru kafin ya fitar da sabon fim. Kamfanin Amazon kuwa ya sayi kamfanin MGM, abokin tarayyar Eon, a 2022 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 8.5, kuma mai irin wannan jari yakan so ya ga riba da wuri. Shi ya sa masu sha'awa na kowane rukuni suka haɗu a kan fargaba ɗaya, kada a yi wa Bond abin da ya sami Star Wars bayan Disney ya saye shi a 2012, aka yi ta fitar da finafinai da shirye-shiryen talabijin har wasu suka ƙosa. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Daɗin daɗawa, bisa dokar Birtaniya haƙƙin mallakar littattafan Fleming zai ƙare shekara 70 bayan rasuwarsa, watau a ƙarshen 2034, abin da zai iya ƙara wa masu jarin gaggawa. A watan Yuni na 2025 aka sanar da Denis Villeneuve, ɗan Kanada, a matsayin darektan fim na gaba, zaɓen da ya ɗan kwantar da hankalin wasu, ganin cewa an san shi da aiki a natse.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darasi guda. Ɗan kallo yakan nemi Bond ɗin da ya fara gani yana saurayi, ya auna kowane sabo da shi. Masu shirya finafinan kuwa sun yi nasara ne a duk lokacin da suka riƙe zubin labarin, suka kuma nemi abin da yake damun mutanen zamaninsu suka ɗora shi a kai: Rasha a wani lokaci, ta'addanci da satar bayanai a wani. Da an bi ƙuri'ar masu sha'awa a 2005, da ba a ga Craig ba. Da an bi ra'ayin Fleming na farko a 1962, da ba a ga Connery ba. Saboda haka tambayar da Bezos ya yi, ko da yake ta faranta wa jama'a rai, ita ce mafi ƙarancin nauyi cikin tambayoyin da suke gaban sababbin masu abin. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ko kamfanin da ya saba ba mai saye abin da ya nema zai iya yin abin da iyalin Broccoli suka yi shekara 63, watau su saurari 'yan kallo, sa'an nan su ba su abin da ba su san suna so ba.