Daga Fagge Zuwa Awon Igiya

Kano ba ta taɓa rasa "waje" ba. Tun kafin zuwan Turawa, fataken da suka ƙetaro Sahara a Fagge suke sauke raƙumansu, bayan ganuwa, alhali cikin birni akwai sarari har ana noma, kamar yadda Baturen matafiyi Barth ya tarar a 1851. Ke nan ba ƙarancin wuri ne ya ajiye baƙo a waje ba, tsarin zama ne. Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai suka ɗora a kan abin da suka tarar: Nasarawa da Bompai nasu, Sabon Gari na ma'aikata da 'yan kasuwar Kudu, Tudun Wada da Gwagwarwa kuwa na 'yan Arewan da neman abinci ya kawo.

Abin da ya sauya shi ne wanda ke fita wajen. Da baƙo ne ke zaman waje. Daga shekarun 1970, da kuɗin fetur suka shigo, masana'antun Sharaɗa da Challawa suka riƙa jan jama'a, ɗan birni ma ya bi sahu, kuma yawanci rabon gado ne ya tura shi. Gidan kaka a Yakasai ko Gwale, in magada suka haura goma, ba ya rabuwa sai an sayar. Kason mutum ba zai saya masa ko zaure a cikin ganuwa ba, amma a wancan lokaci zai sayi fuloti a Kurna ko Ɗorayi. Yau waɗannan ma sun fi ƙarfinsa, sai ya nausa Bachirawa ko Rimin Kebe a Ungogo, ko Gaida a Kumbotso. A can awon igiya ke jiransa. Manomi ya ga gari ya cim masa, sai ya kira dillali, a ja igiya a yayyanka gonar, a dasa bulo a kowace kusurwa, mai unguwa ya shaida, a rubuta takarda. Hanya kuwa ita ce abin da ya saura bayan kowa ya ɗebi nasa, shi ya sa a wani lungun adaidaita sahu biyu ba sa iya wuce juna.

Masana tsarin birane suna cewa wannan ɓarna ce: dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ga shi ana yankawa ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba maƙabarta, damina na zuwa unguwa ta koma tafki. Ba su yi ƙarya ba. Arahar ma da sauranta, domin abin da aka tsira da shi a kuɗin fili yana zurarewa wajen 'yan garuwa da kuɗin mota, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Sai dai masu wannan suka ba sa faɗin inda ya kamata lebura ya kwana. An zana wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, garin ya tsere wa zanen. Fulotin gwamnati mai takarda sai mai hali ko mai hanya, rukunin gidajen gwamnati na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo kuma ba da aljihun ɗan dako aka auna su ba. Awon igiya ne kaɗai ya yarda talaka ya yi gini da kaɗan-kaɗan: ɗaki ɗaya da banɗaki, a ja katanga a tare, sauran sai Allah ya hore. Mai haya a Fagge kuwa, in shekara ta zagayo, rasit kawai ke hannunsa.

Ita Faggen, inda da raƙuma ke durƙusawa, nan Kantin Kwari yake yanzu, kuma da yawa daga yaran shagon da ke ɗaure dilar atamfa a cikinsa daga Bachirawa suke yin sammako.