Nakiyar Mukden da Mafarin Yaƙin Duniya na Biyu

Masana tarihin Turai sun saba ƙirga Yaƙin Duniya na Biyu daga 1 ga Satumba 1939, ranar da dakarun Jamus suka auka wa Poland. Ga mutumin Sin kuwa, wutar ta kama tun daren 18 ga Satumba 1931, sa'ad da wasu hafsoshin Japan suka tayar da nakiya a layin dogo kusa da Mukden, suka ɗora wa Sinawa laifin. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta ishe su hujja. Cikin 'yan watanni suka mamaye Manchuriya, ƙasar kwal da baƙin ƙarfe, suka ɗora Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a matsayin ɗan amshin shata.

Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe ta tura kwamitin Lytton, amma kafin rahotonsa ya fito a Oktoban 1932 aikin gama ya gama. Da aka amince da rahoton a Fabrairun 1933, wakilan Japan suka fice daga zauren Janeba, kuma ko takunkumi ba a ƙaƙaba wa ƙasarsu ba. A ganina, nan aka yi babban sake.

Hitler, wanda bai cika wata guda kan mulki ba a lokacin, ya ga yadda aka kwashe. A Oktoba ya janye Jamus daga ƙungiyar. A 1936 ya tura soja Rhineland, Faransa ta yi shiru. A 1938 ya haɗiye Ostiriya, sannan a Munich Ingila da Faransa suka miƙa masa Sudetenland da hannunsu. A lokacin, sojan Japan sun riga sun yi kisan gilla a Nanjing.