Tarihin Yawon Shan Iska a Jirgin Ruwa

A zamanin da ba a san mutum ya shiga jirgin ruwa don nishaɗi ba. Duk wanda ya hau teku, to, lalle wata bukata ce ta raba shi da tudu, ko fatauci, ko yaƙi, ko ƙaura, ko kuwa ibada, kamar alhazan ƙasar nan da su kan taka har Sawakin, su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Teku abin tsoro ne, shi ya sa matafiyi ya kan bar wasiyya kafin ya tashi. Amma yanzu akwai manyan jirage waɗanda ba su da wani aiki sai su ɗebi mutane, su zaga da su mako ɗaya ko biyu, su komo da su inda suka ɗauke su. Har ma a kan keɓe tafiya guda domin masu sha'awar abu guda, watau a cika jirgi da masu son irin kiɗa ɗaya, ko masu neman ilmin tarihi, ko mabiya addini ɗaya. Abin da a ke sayar musu shi ne 'yan kwanaki nesa da bashi da aiki da ɗawainiyar gida. Ko jirgi yana iya raba mutum da waɗannan, tarihin al'adar ne zai nuna.

Jirgin Masu Ziyara

A shekarar 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasan Amurka, wani kyaftin mai suna Charles Duncan ya yi shela cewa zai ɗauki mutane a wani jirgi mai tafiya da tururi, sunansa Quaker City, ya kai su ziyarar Baitul Muƙaddas da sauran wuraren da aka ambata a littafin addinin Kirista. Kuɗin jirgi dalar Amurka 1,250 ne kowane mutum, kuɗin da leburan wancan zamani ba ya samu ko a shekara biyu. Aka baza labari cewa wani shahararren mai wa'azi, Henry Ward Beecher, zai tafi, haka kuma Janar Sherman, gwarzon yaƙin da aka gama. Mutane suka biya kuɗi domin su zauna da manya. Da lokacin tashi ya matso, sai dukansu biyu suka janye. Wannan ne ɓacin rai na farko. Jirgi ya bar New York ran 8 ga watan Yuni da fasinja kimanin saba'in, yawancinsu dattawa masu riƙon addini.

A cikinsu akwai wani ɗan jarida mai shekara 31, Samuel Clemens, wanda duniya ta fi sani da Mark Twain. Shi ba shi da kuɗin tafiya, wata jarida ce ta birnin San Francisco ta biya masa, bisa sharaɗin ya riƙa aiko mata da wasiƙu. Ba a yi nisa ba jirgi ya rabu gida biyu. Dattawa su kan taru kowane dare su yi addu'a da waƙoƙin ibada, samari kuwa su kan kulle ɗaki su sha taba su yi karta. Kowane ɓangare yana ganin ɗaya ya ɓata masa tafiya. Ashe tara mutane don manufa guda bai isa ya daidaita halinsu ba.

Hanya kuma ba ta rasa tata wahala ba. A shekaran nan ana fama da kwalara a Italiya, saboda haka da suka iso gaɓar Girka sai hukuma ta hana kowa sauka. Ga birnin Atina suna hange, ga kuɗi sun biya, amma ba dama. Cikin dare Mark Twain da mutum uku suka saci jiki a ƙaramin kwalekwale, suka taka da ƙafa har kan dutsen da tsofaffin gine-ginen Girkawa su ke, suka komo kafin gari ya waye. A gaba kuma sa'a ta zo musu, gama a garin Yalta Sarkin Rasha, Alexander na Biyu, ya karɓe su a gidansa. Daga Beirut waɗansu suka hau dawaki, suka bi ta Dimashƙu har Baitul Muƙaddas cikin zafin rana da ƙishirwa. Suka ratsa Masar, sa'an nan suka iso gida a watan Nuwamba, bayan wata biyar, da yawansu sun gaji da ganin juna.

Wanda ya fi kowa cin ribar tafiyan nan shi ne wanda bai biya ko kwabo ba. Wasiƙunsa ya tara ya mai da su littafi a 1869, mai suna The Innocents Abroad, kuma cikin dukan littattafansa babu wanda ya kai shi kasuwa a lokacin rayuwarsa. Har ila yau a cikin jirgin ne wani saurayi, Charles Langdon, ya nuna masa hoton 'yar'uwarsa Olivia, ita ce kuwa ya aura a 1870. Amma duniya ba ta tsaya masa a nan ba. Ya zuba dukiyarsa a wani injin jera haruffan ɗab'i wanda bai yi aiki ba, kamfaninsa na buga littattafai kuma ya karye a 1894. A 1895, yana kusa da shekara sittin, ya sake hawa jirgin ruwa, wannan karon don bashi ne. Ya zaga duniya yana lacca ana biyansa. Ya gama zagayen ke nan, yana Ingila, aka aiko masa cewa 'yarsa Susy ta rasu. Bai huta ba sai da ya biya masu binsa duka a 1898.

Dabarar Albert Ballin

Tafiyar Quaker City ta zama abin labari, amma wanda ya mai da irin wannan yawo sana'a sosai wani Bajamushe ne, Albert Ballin. An haife shi a birnin Hamburg a 1857, shi ne auta a gidan wani Bayahude mai ɗan ƙaramin ofishin sayar wa masu ƙaura tikitin zuwa Amurka. Uban ya rasu a 1874, yaro yana da shekara 17, nauyin ofishi ya faɗo a kansa. Ya riƙe shi da ƙwazo har babban kamfanin jiragen ruwa na Hamburg, wanda a ke kira HAPAG, ya ɗauke shi aiki a 1886. A 1899 ya zama shugaban kamfanin.

Abin da ya dami kamfanin shi ne hunturu. In sanyi ya shigo, Tekun Atlantika ya kan yi hauka, masu kuɗi ba su yarda su ƙetare, sai manyan jirage su yi ta zama a tasha, ana kashe musu kuɗi ba su kawo kome ba. Ballin ya ce a tura jirgi wajen da a ke rana, a bar mutane su hau don jin daɗi kawai. Abokan aikinsa suka ga abin kamar wauta, don ba su taɓa jin wanda zai biya kuɗi ya hau teku ba da inda za shi ba. Bai saurare su ba. Ran 22 ga Janairu, 1891, jirgin Augusta Victoria ya tashi da fasinja 241, har da Ballin da matarsa. Suka kwana 57 suna zaga Bahar Rum, suna sauka a Iskandariyya da Yafa da Beirut da Santambul da Atina, kowace tasha an shirya musu masu kai su kallo. A cikin jirgi akwai makaɗa, har da 'yar jarida a ke buga musu. Suka komo suna yabo, kamfani kuma ya ci riba a lokacin da ya saba yin hasara.

Ganin haka Ballin ya sa aka ƙera jirgi musamman domin wannan aiki, shi ne na farko irinsa a duniya. An saka shi a ruwa a 1900, aka raɗa masa sunan 'yar Sarkin Jamus, Prinzessin Victoria Luise. Fari ne tas, da ɗakunan kwana 120, da ɗakin karatu, da wurin motsa jiki, har da ɗaki mai duhu domin masu sha'awar wanke hoto. Shekara shida kawai ya yi. A daren 16 ga Disamba, 1906, kusa da tsibirin Jamaika, kyaftin ɗin ya rikita fitilar wata hasumiya da ta wata, jirgi ya hau duwatsu. An ceci fasinja duka, amma kyaftin ya shiga ɗakinsa ya harbe kansa.

Shi kansa Ballin ya hau har ya kai inda ba a zata ba. Kamfaninsa ya zama mafi girma cikin kamfanonin jiragen ruwa na duniya, shi kuma ya zama na kusa da Sarki Wilhelm na Biyu. Ya sani sarai yaƙi da Ingila zai rushe duk abin da ya gina, saboda haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu don a daidaita. Bai yi nasara ba. Yaƙi ya ɓarke a 1914, jiragensa waɗansu suka maƙale a tasha, waɗansu abokan gaba suka kama. Ran 9 ga Nuwamba, 1918, ranar da aka yi shelar saukar Sarki daga gadon mulki, Ballin ya mutu bayan ya sha maganin barci fiye da kima. Bayan yaƙi aka raba manyan jiragen kamfanin tsakanin waɗanda suka ci nasara. Mutumin da ya koya wa duniya sayen hutu bai sami nasa hutun ba.

Daga Masu Kuɗi Zuwa Talakawa

Har zuwa wannan lokaci yawon na attajirai ne. Gwamnatin Hitler ce ta ga za ta iya sayen zuciyar ma'aikata da shi, bayan ta rushe ƙungiyoyinsu. Ta ƙera jirgin Wilhelm Gustloff, wanda ya fara aiki a 1938, yana kai ma'aikata gaɓar Norway da Italiya da kuɗi kaɗan, ana ciyar da su ana kuma cusa musu ra'ayin gwamnati. Daɗin bai kai shekara biyu ba yaƙi ya sake tashi, aka mai da jirgin asibiti, daga baya barikin soja. Ran 30 ga Janairu, 1945, yana cike da masu gudun hijira, jirgin yaƙin Rasha mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi a Tekun Baltik. Mutum wajen 9,000 suka halaka, da yawa mata ne da yara. Ba a taɓa yin hasarar rai irin wannan a jirgi guda ba.

Bayan yaƙi abin ya farfaɗo ta hanyar ilmi. A 1954 kamfanin Swan na Ingila ya soma kai mutane tsibiran Girka tare da malamai, da dare a yi musu lacca a kan garin da za su gani, da safe a sauka a duba kufai. Sa'an nan jirgin sama ya sake juya al'amari. Daga 1958 jirage masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika cikin sa'o'i, tafiyar da jirgin ruwa ya kan yi cikin kwana biyar. Fasinja suka watse, kamfanoni suka koma ga dabarar Ballin don su tsira. Ko wannan ma da tuntuɓe aka fara, domin jirgin farko na kamfanin Carnival, mai suna Mardi Gras, ya kafe a rairayi ran fitarsa ta farko daga Miami a 1972. Duk da haka kamfanin ya zama babba a wannan sana'a.

Da jirage suka yi yawa, sai kowane kamfani ya shiga neman abin da zai jawo masa mutane, aka komo ga abin da Kyaftin Duncan ya fara, watau tara masu sha'awa ɗaya. Akwai tafiyar masu son kiɗa, inda mawaƙan ke kwana jirgi ɗaya da masu saurarensu, akwai ta masu saƙa, da ta masu dafe-dafe, da ta masu kallon tsuntsaye. Yawancin masu zuwa ba yara ba ne. Magidanta ne da suka yi shekaru suna tara kuɗin, da waɗanda suka bar aiki, da waɗanda mutuwa ko rabuwar aure ta bari su kaɗai. Abin da ya fi jan su shi ne su zauna cin abinci da wanda ya san abin da su ke so ba sai sun yi dogon bayani ba.

Amma wahalar tudu ba ta daina bin mutane cikin ruwa ba. A watan Fabrairu na 2020 aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan saboda annobar korona, da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu. Waɗanda suka fito shan iska suka zauna kulle a ɗaki suna hangen gari, kamar yadda aka yi wa mutanen Quaker City a gaɓar Girka shekara 153 kafin nan. Sana'ar ta tsaya fiye da shekara guda, sa'an nan ta tashi, har a 2024 aka fito da jirgin Icon of the Seas, mai iya ɗaukar fasinja 7,600.

To, mai karatu ya ga yadda abin ya faro da yadda ya gudana. Jirgi yana ba da hutu na 'yan kwanaki, wani lokaci ya haɗa mutum da abokin zama na har abada, kamar yadda ya yi wa Mark Twain. Amma masu faɗa sun sauka da faɗansu, mai bashi kuma ya tarad da bashinsa yana jiransa a bakin tasha. Wanda ya tara kuɗin irin wannan tafiya ya kamata ya san iyakar abin da ya saya, ya huta, ya ga ƙasashe, ya yi abokai, sa'an nan ya komo da ƙarfin ɗaukar kayan da ya ajiye a gida.