Abaji da Tarihin Tsara Filayen Shan Iska a Abuja

Babban filin shan iska ba ya samuwa a birni sai an keɓe ƙasarsa tun gine-gine ba su cim mata ba. Lokacin da Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana Central Park a 1858, wurin duwatsu ne da fadama a gefen garin New York, ko da yake sai da aka tashi mazauna Seneca Village, galibinsu baƙar fata, kafin a soma aiki.

Abuja ta gaji wannan tunani. Bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, taswirar da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979 ta bar bakin rafuka da gindin tsaunuka a matsayin filayen da ba a gini. Ba abin mamaki ba ne, domin cikin masu aikin har da kamfanin Ian McHarg, masanin da ya dage cewa yanayin ƙasa ne ya kamata ya ja ragamar tsarin gari. Millennium Park na Maitama, wanda ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ya zana, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, ya bi wannan sawu: rafi ya raba shi biyu, ɓangare guda an bar masa itatuwansa, ɗayan kuma an shimfiɗa shi da maɓuɓɓugan ruwa irin na lambunan Italiya.

Sai dai wannan kulawa ta tsaya ne a ƙwaryar birni. Abaji, da ke can kudancin yankin a kan hanyar Lokoja, ba ta samu irinta ba, alhali gari ne mai bunƙasa, ana ta yanka filaye ana sayarwa. A ganina wannan watsin da aka yi da ita shi ne damarta, don har yanzu akwai fadamu da kurmi da bulo bai ci ba.

Barin fili a cikin gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ganuwar Kano ta kewaye gonaki da kududdufai da duwatsun Dala da Goron Dutse, kuma mun ga yadda aka cike kududdufan aka yi gini, ambaliya ta biyo baya.

Ya kamata ƙaramar hukumar Abaji da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya su zauna da fadar Ona, sarkin Abaji, da manoman da ke da gonakin, a shata filin shan iska a rubuce, a biya diyya yadda ta dace. Tashin da aka yi wa Gbagyi a Wuse da Maitama bai kamata a maimaita shi da sunan dashen itatuwa ba.